Daga Sallamar Ubangida zuwa Asusun Fansho: Waiwaye a kan Tsufan Ma'aikaci a Zamfara

Kafin layin dogo ya ratso daga Zariya ya iso Gusau, ya zarce Ƙaura Namoda a 1929, ba a san wani abu wai shi fansho a ƙasar Zamfara ba. Amma an san wanda tsufan mai aiki ya rataya a wuyansa. Wanda ya yi ƙuruciyarsa a gandun gidansu, idan ƙarfi ya ja baya 'ya'ya ne ke karɓar garma da hauya. Wanda kuma ya tashi yana barantaka a gidan attajiri ko basarake, ko yana bin fatake da jakai, ubangidansa ne zai yi masa aure, ya yanka masa fili ya yi ɗaki, in lokaci ya yi ya sallame shi da jari ko gona. Ba a rubuta wannan a takarda ba, babu kuma alƙalin da zai ɗaure wanda ya ƙi yi. Kunya da bakin mutane ne ke tsare haƙƙin. Attajirin da aka ga tsohon yaronsa yana bara a bakin kasuwa ya zubar da girmansa ke nan. Tsarin yana da nasa giɓin, domin wanda Allah ya haɗa shi da ubangida marowaci sai ya tsufa hannu rabbana. Duk da haka kowa ya yarda da tushen maganar, cewa wanda ya ci moriyar ƙarfinka yana da kaso a ɗawainiyar rauninka.

Jirgin ƙasa ya zo da sabon ubangida wanda kunya ba ta kama shi. Kamfanonin Turawa suka kafa rumfunan awon gyaɗa da auduga, unguwar da ake kira Kantin Daji ta cika da shaguna da ɗakunan ajiya, aka kafa injin gurzar auduga. Samari daga Bungudu da Kwatarkwashi da Tsafe da 'Yandoto suka riƙa shigowa Gusau da rani suna dakon buhuna, ana biyansu da sule da kwabo a ƙarshen yini ko ƙarshen mako. Ranar da lebura ya kasa ɗaga buhu, ranar ce aikinsa ya ƙare. Akawun da ya rubuta sunansa shi ma yaron wani ne, mai kamfanin kuwa yana Ingila, bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Dokar fansho ta farko da ta shafi ƙasar baki ɗaya ita ce ta 1951, wadda aka mayar da fara aikinta baya zuwa 1 ga Janairu, 1946. Ma'aikatan gwamnati aka yi wa ita, su ɗin ma ba a matsayin haƙƙi ba. Alfarma ce da Gwamna ke iya bayarwa, yana kuma iya ragewa ko hanawa idan ya ga ma'aikaci ya yi laifi. A ɓangaren 'yan kasuwa, kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe wa ma'aikatansa tsarin fansho a 1954, UAC ta bi sahu a 1957. Ganin dama ne ya sa suka yi, ba wanda ya tilasta musu.

Tilas ta fara ne a 1961, da aka kafa asusun tanadi na ƙasa da ake kira NPF domin ma'aikatan kamfanoni. A nan ne doka ta fara cewa mai kamfani shi zai yi wa ma'aikacinsa rajista, ya cire wani abu daga albashinsa, ya ɗora nasa a kai, ya kai asusun. Shekarun da suka biyo baya su ne lokacin da Gusau ta zama garin masana'antu, ga masaƙar Zamfara, ga kamfanin matsar man gyaɗa, ga masana'antar alewa. Jiniya ta yi kuka, masu aikin safe su fito, masu aikin yamma su shiga. Kowane ma'aikaci yana da kati da lambarsa. Sai dai abin da ake tarawa bai taka kara ya karya ba: an ƙayyade shi a kan kada ya wuce naira 8 a wata, rabi daga ma'aikaci, rabi daga kamfani, kuma ana biyan mutum ne a dunƙule sau ɗaya idan ya ajiye aiki. Da tsadar rayuwa ta yi tashin gwauron zabi bayan 1986, abin da mutum ya tara cikin shekara ashirin bai isa ya riƙe gida na 'yan watanni ba.

A 1993 gwamnatin soja ta maye gurbin NPF da hukumar NSITF, wadda ta fara aiki a 1994, ta shafi duk kamfanin da ke da ma'aikata 5 ko fiye. Sauyin ya zo daidai da lokacin da masaƙun Arewa suka fara durƙushewa, saboda rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri. Babbar masaƙar Kaduna, KTL, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna neman haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Masaƙar Gusau ita ma ta yi shiru. Darasin da wannan zamani ya bari mai ɗaci ne: muddin kuɗin sallamar ma'aikaci na cikin aljihun kamfani, ranar da kamfanin ya mutu tare da su ake binne shi.

Ma'aikacin gwamnati a takarda ya fi kowa gata. Dokar soja mai lamba 102 ta 1979, wadda aka mayar da aikinta baya zuwa Afrilun 1974, ta tanadar masa giratuti da fansho ba tare da an cire ko kwabo daga albashinsa ba. Ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa, ya yi ritaya, gwamnati ta biya daga kasafin kuɗi. Kundin tsarin mulki na 1999 ma ya ce a riƙa duba kuɗin fansho duk bayan shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Matsalar ita ce ba a ware komai a gefe ba. Kowace shekara ɗan fansho yana gogayya ne da kwangilar hanya da hidimar siyasa a kan kuɗi ɗaya, kuma shi ba ya iya yajin aiki. Da aka cire Zamfara daga Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, sabuwar jihar ta gaji ma'aikata, ta gaji wannan tsari da nauyinsa.

Duk wanda ya taɓa raka mahaifi ko kawu wurin tantancewa ya san yadda ake yi. Dattijo ya yi sammako daga ƙauye, takardunsa a cikin leda baƙa an naɗe su da tsumma: takardar kama aiki wadda ta yi ja don tsufa, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, takardar ajiye aiki, da hoto guda biyu. Ya samu gindin dalbejiya ya zauna a kan buzunsa, kusa da wani da suka koyar tare a firamare shekaru talatin baya. La'asar ta yi a ce a dawo gobe. Wanda ya tsaya a gaban allo ya koya wa rabin gari karatu, shi ne ke roƙon yaron da ya haifa ya duba masa ko sunansa ya fito. Wannan wulaƙanci ne, ba shi da wani suna. Kafin 2004 an ƙiyasta bashin fanshon da ke kan gwamnatin tarayya ya kai wajen naira tiriliyan 2.

Shi ya sa Shugaba Obasanjo ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Fola Adeola, aka duba yadda ƙasar Chile ta yi nata gyaran a 1981, aka fito da dokar gyaran fansho wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2004. Aka kafa Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, Muhammad K. Ahmad ya zama shugabanta na farko. Sabon tsarin ya ba kowane ma'aikaci rumbunsa na kansa, da sunansa da lambarsa, wanda mai gidan aiki ke da ikon zubawa a ciki amma ba shi da mabuɗin ɗiba. Kamfani ɗaya ne ke juya kuɗin, wani daban ne ke riƙe da su, hukuma na sa ido a kan duka biyun. Ma'aikaci ya sauya wurin aiki, asusunsa na biye da shi. A wuri ɗaya Nijeriya ta saɓa wa Chile, kuma a ganina ta yi daidai. A can ma'aikaci ne kaɗai ke zuba kuɗin tsufansa a lokacin. A nan aka raba nauyin biyu, kashi 7.5 cikin ɗari daga ma'aikaci, kashi 7.5 daga mai ɗaukar aiki.

Dokar ta bar wata ƙofa a buɗe. Ma'aikaci ne zai zaɓi kamfanin fanshonsa, ya cike fom, ya kawo lamba. Masu ɗaukar aiki da yawa suka fake da wannan: ai yaran ba su kawo lamba ba, ina za mu zuba kuɗin? Wasu kuma suna cire kason ma'aikaci a kan takardar albashi, kuɗin su zauna a asusun kamfani ana juya su.

Dokar 2014, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu ranar 1 ga Yuli, ita ta toshe ƙofar, kuma wannan ne sashen da ya kamata kowane mai makaranta da mai gidan mai a Gusau ya sani. Idan ma'aikaci ya yi wata shida da kama aiki bai buɗe asusu ba, wajibi ne mai gidan aikin ya nemi wani kamfanin fansho ya buɗe masa asusun wucin gadi, ya riƙa zuba kuɗin a ciki har ranar da mai shi zai zo ya kammala rajista. Ke nan jahilcin ma'aikaci ko sakacinsa ba hujja ba ce. Ba sai ya roƙa ba, ba sai ma ya san da dokar ba. Aka kuma ɗaga kason zuwa kashi 18 cikin ɗari, 8 daga ma'aikaci, 10 daga mai ɗaukar aiki. A ɗauki wanda gundarin albashinsa da kuɗin gida da na sufuri suka kama naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024. Za a cire masa naira 5,600, ubangidansa ya ɗora naira 7,000 daga aljihunsa, naira 12,600 ke nan duk wata. Dole kuɗin su shiga asusun cikin kwana bakwai na aiki daga ranar da aka biya albashi. In aka yi jinkiri akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a kowane wata ba, kuma tarar asusun ma'aikacin take shiga, ba lalitar gwamnati ba. Bayan wannan akwai inshorar rai ta ninki uku na albashin shekara, wadda mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗinta shi kaɗai. In bai yi ba, ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki, shi zai biya magada daga dukiyarsa. Wanda aka sallama kuwa, ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, yana iya cirar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya tara ya rage zafi.

Ingila ta bi irin wannan hanya a kusan lokaci ɗaya. Ta yi dokarta a 2008, ta fara aiki da ita a Oktoban 2012: duk ma'aikacin da ya kai shekara 22, yake samun sama da fam 10,000 a shekara, mai ɗaukar aiki zai saka shi a tsarin fansho kai tsaye. Yana da damar ya ce a cire shi, amma bayan shekara uku a sake saka shi. Sun lura cewa mutum in aka ce ya je ya shiga sai ya yi ta jan ƙafa, in kuma ya tarar an riga an saka shi da wuya ya fita. Sama da mutum miliyan 10 suka shiga ta wannan hanya. Dokarmu ta fi tasu tsauri, tunda ba ta ba da damar fita ba, kason ma ya ninka nasu na kashi 8. Abin da suka fi mu shi ne tasu ta kama har wanda ke da ma'aikaci ɗaya tak, kuma albashi a can ta hannun hukumar haraji yake ratsawa, ba ya ɓoyuwa. Tamu kuwa ta ce wajibi ne a kan mai ma'aikata 15 ko fiye, ta ce mai ƙasa da 3 yana iya shiga don raɗin kansa, ta yi shiru a kan na tsakiya. PenCom na ɗaukar cewa daga 3 abin ya fara. A cikin wannan tazara ta 3 zuwa 14 ne mafi yawan wuraren aikin Gusau da Tsafe da Bungudu suke.

Ba za a ce tsarin bai yi komai ba. Dukiyar fansho ta haura naira tiriliyan 20 a 2024, masu asusu sun wuce miliyan 10. A Gusau, ma'aikacin Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da malamin Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da cikakken ma'aikacin banki, duk suna ganin saƙon shigar kuɗinsu a waya. Amma a sauka daga wannan bene a leƙa makarantar kuɗi a Tudun Wada ko Samaru ranar biyan albashi. Mai makaranta na zaune da littafi mai dogon layi da damin kuɗi a aljihun tebur. Malama ta shigo, ya ƙirga mata, ya cire na ranar da ta makara, ta sa hannu a gaban sunanta, ta fita. Babu takardar kama aiki, babu takardar albashi. Ta yi shekara goma sha a haka, ta yaye ɗalibai sun zama likitoci. Haka yaron da ke riƙe da bututu a gidan mai a kan titin Funtuwa a Tsafe, da mai kwaɓa fulawa a gidan burodi, da masu ɗura ruwan leda, da masu aikin injin casar shinkafa, da nas a ƙaramin asibitin kuɗi. In ɗayansu ya yi maganar fansho amsar da zai ji sananniya ce: "Ka ga masu neman aikin nan a ƙofa? In ba ka so, bismillah."

Gaskiya ne ma'aikatan su ma ba kowa ke so ba, kuma suna da dalili. Wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, cire masa dubu biyu ma yanka ne. Wanda ya ga hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024 yana da ikon ya tambayi abin da kuɗin za su saya nan da shekara ashirin. Wanda ya ji labarin Abdulrasheed Maina, da aka yanke wa ɗaurin shekara takwas a 2021 a kan kuɗin fansho, kalmar fansho kanta tsoro take ba shi, ko da yake kuɗin tsohon tsari ne aka yi wa ta'adi a can. Sannan a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, maganar kuɗin ruwa ba ƙarama ba ce. Wannan an samo mata mafita a 2021, da PenCom ta buɗe asusu na shida wanda ba ya hulɗa da riba, ana juya shi a sukuk da hannayen jarin da suka dace da shari'a. Kamfanonin fansho ba su yi abin da ya kamata ba wajen kai wannan labari masallatai da rediyo da harshen da mutane ke ji.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa a yankinmu shi ne gona. Shekara da shekaru, ainihin fanshon ɗan Bungudu ko ɗan Tsafe gonar gado ce. Ko masinja ne ko direba, in aiki ya ƙare ya koma ya noma dawa da gero da waken suya, ya ɗaure tumaki biyu a bayan gida. Masu ɗaukar aiki sun san da haka, shi ya sa hankalinsu a kwance yake in sun sallami mutum da albashin wata ɗaya da addu'a. Yau gonaki da dama a waɗannan ƙananan hukumomi ba sa nomuwa sai da yardar 'yan bindiga, dabbobi an kore, mutanen ƙauye sun dawo gari suna raɓe a gidajen 'yan'uwa. 'Ya'yan da za su ɗauki nauyin tsoho su ne ke tuƙa babur suna neman na cefanen yini. Wanda ya tsufa a bakin aiki yanzu ba shi da inda zai koma.

Gwamnatin jiha ita ce babbar mai ɗaukar aiki a Zamfara, kuma ita ake kallo. Jihohi kowacce da dokarta. Jigawa ta fara tsarin karo-karo tun 2001, kafin ma gwamnatin tarayya, ana tara kason ma'aikata da na gwamnati a asusu ɗaya ana biyan masu ritaya daga ciki, kuma an daɗe ana ba da misali da ita. Kaduna ta koma tsarin asusun kowa da kowa a 2017. A Zamfara kuwa, labarin fanshon da ya fi karaɗe ƙasa shi ne na Nuwamban 2019, lokacin da majalisar dokoki ta soke dokar da ke ba tsofaffin gwamnoni alawus, bayan wasiƙar da tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta yana neman a biya shi naira miliyan 10 na kowane wata. A daidai lokacin akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ke jiran giratuti tun 2011. Sai a 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta fara biyan wannan bashi, wanda ya haura naira biliyan 13. Abin a yaba ne, iyalai da yawa sun share hawaye. Sai dai wasu magada ne suka karɓa, kuma naira ta 2024 ba ita ce ta 2011 ba. Bashin ya taru ne saboda ba a ajiye kuɗin wata-wata ba, kuma zai sake taruwa muddin ba a ajiyewa.

Ga masu sana'ar kansu, tela da makaniki da mai shago, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho a Maris na 2019: mutum ya zuba abin da ya sawwaƙa, a lokacin kashi 40 yana iya cira in buƙata ta taso, kashi 60 sai tsufa. Yana da amfani, amma bai ɗora wa ubangida komai ba, saboda haka bai dace a tura malamar makarantar kuɗi can a ce an sauke nauyi ba.

Abin da ya fi sa kamfanoni bin doka a matakin tarayya takarda ce guda ɗaya: wanda ba shi da shaidar PenCom cewa ya zuba kuɗin ma'aikatansa ba ya samun kwangilar gwamnatin tarayya. Tun 2012 kuma hukumar ke tura wakilai suna ƙwato kuɗin da aka danne tare da tararsu. Amma ofishinta na wannan shiyya yana Kano, mai gidan burodi a Bungudu kuwa ba ya neman kwangila a Abuja. Jiha ce ke da igiyar da ta kai gare shi. Ita ke sabunta rajistar makarantun kuɗi, ita ke ba asibitoci masu zaman kansu izini, ita ke karɓar harajin wuraren kasuwanci, ita ke raba kwangilar gina azuzuwa. Tana iya cewa duk mai ma'aikata 15 ya haɗo da lambobin asusunsu a cikin takardun sabuntawa, ta ba ƙanana wa'adin shekara biyu ko uku su shirya kamar yadda Ingila ta bi nata masu ɗaukar aikin daki-daki daga manya zuwa ƙanana, ta kuma zauna da ƙungiyoyin masu makarantu da masu gidajen mai a kan yadda za a shigar da kashi 10 ɗin cikin lissafinsu ba tare da an rage albashin kowa ba.